Idan Kafet Ya Ƙi Kwanciya

 Sharhinmu na yau a kan abin da muke takawa kullum ne a cikin ɗakunanmu, wato kafet, wanda a nan Saudiyya aka fi sani da mokit.

Tun daga ƙarshen shekarar 2021, lokacin da hukuma ta fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Gulail da Petromin da Karantina da Sabil da Hindawiyya, iyalan Hausawa da yawa suka kwashe kayansu suka koma gidajen haya a wasu sassan birni. Cikinsu har da waɗanda kakanninsu ne suka zo aikin Hajji a ƙafa suka zauna. Duk wanda ya kama sabon gida, da zarar ya kafa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, abin da ke gabansa shi ne shimfiɗa. Mu mutane ne masu zaman ƙasa. A ƙasa muke cin abinci, a nan muke salla, a nan jarirai ke rarrafe, kuma a nan baƙon da ya zo Umra daga Kano ko Maraɗi yake miƙe ƙafa ya kwana. Shi ya sa magidanci ke ƙuntata wa kansa ya tara riyal, ya sayi kafet mai kyau, ya kira mai shimfiɗawa.

Ranar farko komai lafiya. Bayan mako biyu sai tudu ya taso a tsakiyar falo. Wurin da aka haɗa ƙyalle biyu ya buɗe baki, zare ya fara warwarewa. Ƙofa ta daina rufuwa sai an danna ta da kafaɗa. Wani lokaci ma sai ka ga rabin ɗaki ya fi ɗaya rabin duhu, alhali daga naɗi ɗaya aka yanko su.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da dalili, kuma yawancinsu gaggawa ce. Kafet yana zuwa ne a naɗe, galibi mai faɗin mita 4, ya daɗe a sito mai zafi. Ƙa'ida ita ce a warware shi a cikin ɗakin da za a sa shi, a bar shi ya kwana ya sake jiki, kafin a yanka. Jidda tana bakin Bahar Maliya, iskarta jiƙe take da danshi, cikin ɗaki kuma sanyin mukayyif ne. Kafet ɗin da aka sauke daga mota aka manna nan take, dole ya motsa daga baya. Sannan ga gam. Ana so a share tayil tas, a tabbata ya bushe, a shafa gam ko'ina, a ba shi ɗan lokaci ya kama, a kwantar da kafet a bi shi da abu mai nauyi ana korar iska daga tsakiya zuwa gefe. Mai son ya gama gida uku a yini sai ya ɗiga gam a gefe-gefe da 'yan wurare a tsakiya, ya ajiye ragowar gwangwanin don aikin gaba. Bambancin launi kuwa daga kwanciyar gashin kafet yake. Idan ɗaki ya fi mita 4 faɗi, dole a yi haɗi, kuma tilas ƙyallayen biyu su fuskanci waje ɗaya. Wanda ya juya ɗaya don ya rage asarar yanki, ya ɓata ɗakin ke nan.

Wasu daga cikin waɗannan suna gyaruwa cikin sauƙi. Ƙaramin kumburi ana iya tura masa gam da sirinji, a ɗora nauyi ya kwana. Ƙofa ana cire ta a rage ƙasanta, amma da izinin mai gida idan haya ce. Haɗin da ya buɗe ana ɗaga shi a daidaita baki a sake mannawa. Babban tudu sai an ɗage sashen gaba ɗaya, an kankare tsohon gam, an sake shimfiɗawa. Wanda aka yanka ya gaza kaiwa bango, ko aka juya gashinsa, ba shi da magani sai sabon ƙyalle. Kada kowa ya yarda a toshe masa giɓin da ɗan guntu a ce ya wadatar. Idan kuma wari ne ke tashi, a ɗaga a duba ƙasa. Ruwan mukayyif da ke ɗiga a bango yana shigewa ƙarƙashi ya zauna, haka ma ruwan sama a gidajen da ke hawan ƙasa. Mazauna Jidda ba su manta da ranar 24 ga Nuwamban 2022 ba, da aka auna milimita 179 na ruwa cikin 'yan sa'o'i. Kafet ɗin da ya sha ruwa irin wannan ya yi funfuna, cire shi ya fi alheri ga ƙirjin yara da masu asma.

To, ga inda sharhin nan ya fi damuwa. Da yawa daga cikinmu ba ma komawa wurin wanda ya yi aikin. Kunya ke hana mu. Wataƙila ɗan unguwarmu ne tun muna Karantina, ko surukin aboki, ko wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci. Sai maigida ya ce a bar shi da Allah, uwargida ta jawo darduma ta rufe tudun. Haƙuri hali ne mai kyau, amma a nan akwai haɗari a cikinsa. Tudun da aka rufe yana nan, kuma wanda zai yi tuntuɓe da shi shi ne tsohuwa mai tashi alwalar Asuba cikin duhu, ko yarinya ɗauke da butar shayi. Karayar ƙugu ga mai shekaru tana iya kwantar da shi har ƙarshen rayuwa. Mai aikin kuma, tun da ba wanda ya nuna masa kuskurensa, gobe haka zai yi wa wani.

Neman gyara ba cin mutunci ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan lamunin masu sana'a, cewa wanda ya ɓata kayan mutum da sakacinsa shi ke ɗaukar asara. Dokar mu'amalar jama'a ta Saudiyya, wadda ta fara aiki a watan Disamban 2023, ita ma ta ba wanda ya ba da aiki damar ya nemi ɗan kwangila ya gyara aibi cikin wa'adin da ya dace, in ya ƙi a warware yarjejeniya ko a sa wani ya gyara a kan kuɗin ɗan kwangilar.

Saboda haka, ranar da ka ga aibi, ɗauki hoto da waya. Kira mutumin ka gaishe shi, ka ce: "Malam, aikin nan ya tashi, ka zo mu duba tare." Ku tsaya a kan wurin ku biyu, ku sa ranar gyara. Kada ka riga shi sa wuƙa ko gam, don kada a ce kai ka ɓata. Mafi yawan rigingimu a nan suke mutuwa. Idan daga shago mai rajista ka saya, kuma su suka turo mai shimfiɗawa, shagon za ka koma da faturarka, wato rasit ɗinka, a hannu. In sun yi kunnen uwar shegu, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi ta lamba 1900 da kuma manhajar Balagh Tijari, sannan akwai dandalin sulhu na Ma'aikatar Shari'a mai suna Taradhi. Amma duk waɗannan ƙofofi da takarda ake buɗe su. Wanda ya guji harajin kashi 15 cikin ɗari ya karɓi kaya babu fatura, ya kuma ɗauko mai aiki daga bakin titi, ya rage wa kansa ƙarfi tun kafin a fara. Mun kuma san akwai 'yan uwa da matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, ke hana su tunkarar ofis. Irin waɗannan su nemi dattawan jama'a su shiga tsakani, kuma nauyi ne a kan dattawan su tsaya wa mai gaskiya ko da mai laifin ɗansu ne.

Kalma ɗaya ga masu kula da ƙananan wuraren salla a gidajen sama da shaguna. Kafet mai layin sahu alƙibla yake bi. Mai shimfiɗawa kan bi bango don ya fi masa sauƙin yanka, bangon kuma ba lallai ya dubi Makka ba. A ja zare a tabbatar kafin a buɗe gwangwanin gam.

Ku kuma 'yan uwa masu wannan sana'a, mun san wahalarta: durƙuso yini guda, warin gam, hawa bene da naɗi a kafaɗa cikin zafin Jidda. Ku faɗi kuɗin da zai ishe ku ku yi aiki mai kyau, ku gaya wa mai gida gaskiya idan ƙasa ba ta bushe ba ko kafet ɗin bai isa ba, kuma idan aka kira ku gyara ku amsa waya.

Mai sauraro, idan shimfiɗa na gabanka, ka auna ɗakin da kanka, ka nemi fatura da ta ambaci kuɗin kaya da na aiki, ku yi magana a kan inda haɗi zai faɗa, kuma ka riƙe wani kaso na ladan har aikin ya yi mako guda. Idan kuma tudun ya riga ya taso a falonka, ka ɗaga dardumar da ke kansa, ka kira wanda ya yi aikin yau.