Mu Sa Maganin Tsofaffinmu Cikin Lissafin Kaka

'Yan'uwa manoma, kowace shekara in kaka ta yi mukan zauna mu yi lissafin taki, iri, kuɗin makaranta da bashin ƙungiya. Maganin tsofaffinmu masu ciwon sukari ba ya shiga lissafin nan. A ganinmu ya kamata ya shiga tun daga bana.

Ciwon sukarin da ya fi kama manya shi ne wanda likitoci suke kira iri na biyu. Akwai wani sinadari a jiki, insulin, mai kwashe sukari daga jini ya kai wa tsoka. In jiki ya daina jinsa sosai, sai sukari ya taru a jini. Mutum ya riƙa jin ƙishirwa, yana yawan fitsari da dare, yana rama, miki kuma ba ya warkewa da wuri. Awo ne kaɗai yake tabbatarwa. In aka auna jini da safe kafin a ci kome, aka sami 126 ko fiye har sau biyu, to, sai a nemi likita. Wasu na'urorin 7 suke nunawa a maimakon 126.

Wannan ciwo ba kamar zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a huta. Ƙwaya irin su metformin kullum ake shanta. Shuwaka da zogale suna da kyau a miya, amma ba su maye gurbin ƙwaya.

A watan Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi ga taki da 'yan ƙwadago. Sai Baba ya bar sayen magani, ya yi shiru don kada ya ɗora wa 'ya'yansa nauyi. Sukari kuwa yana ta ɓarna a ɓoye, yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Ƙafar da ta daina ji, ƙaya ta soke ta ko fartanya ta sare ta, mai ita bai sani ba sai ta ruɓe. Daga nan sai maganar yankewa.

Akwai kuma haɗarin hana tsoho abinci. Wanda ya sha ƙwaya irin glibenclamide ya fita gona bai karya ba, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa da 70. Zai yi gumi, jiki na rawa, magana ta ruɗe. In yana iya haɗiya, a dama masa sukari ƙaramin cokali huɗu a ruwa. In ya suma, kada a ɗura masa kome, a yi asibiti da shi. Saboda haka a bar shi ya ci tuwon gidan, sai dai a rage malmala, a ƙara masa wake da ganye, a ba shi kunu ba sukari. Acca da alkama ma suna ɗaga sukari in an cika kwano.

Wani zai ce ƙungiyarmu ta noma ce, ba asibiti ba. Gaskiya ne. Amma in Baba ya kwanta asibiti a tsakiyar damina, ɗansa ne zai bar gona ya yi jinya, ciyawa ta cinye shuka, bashin ƙungiya ya rasa mai biya. Asarar tamu ce duka.

Ga shawararmu. Kowane memba ya ware 'yan mudu a kaka, a sayar a buɗe asusun magani, a ranta wa gidan da ya ƙare a damina. Ƙungiya ta sayi na'urar awo ɗaya, ta aika mutum biyu wurin malamin asibiti su koyi aiki da ita. Ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, ta kuwa zo daidai da kaka, sai mu mai da ita ranar auna duk wanda ya haura shekara arba'in. A gida kuma a sa jika ya riƙa duba tafin ƙafar kakansa da tsakanin yatsu kowace yamma, kada kuma tsoho ya shiga gona ba takalmi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon shugabanni da magatakarda su sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a taro na gaba, kafin a gama kai hatsi kasuwa.