Ladan shi ne agogon yaro

Yau maganata bisa ƙananan yara ce, waɗanda ba su isa shiga lakwal ba.

Ka lura da yaro ɗan shekara 2 ko 3. Bai san ƙarfe nawa ba. Abin da ya sani shi ne, bayan wannan, wancan ke zuwa. In ya tashi, a wanke mai fuska. In an wanke mai fuska, a ba shi koko. In kullum haka ake yi, hankalinsa kwance yake. Amma in yau an ba shi da sassafe, gobe sai hantsi, jibi an mance, sai ya kama kuka, mu ce yaron nan ya cika fitina. An ce sabo turken wawa. Ni kuwa na ce ƙaramin yaro yana bukatar wannan turke.

Kuma ba sai gida yana da agogo ba. Ladan yana kira sau 5 kowace rana, kowa na ji. A rataya al'amuran yaro ga kiran salla, shi ke nan.

Mu fara da ciki, don nan ne abin ya fi tsanani. Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar abinci da yawa lokaci guda. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce daga wata 9 zuwa shekara 2 yaro ya ci sau 3 ko 4 a yini, ban da nono. To, duba gidajenmu. Fura da rana, tuwo da dare, shi ma sai an yi isha'i. Babba yana iya jimrewa. Yaro kuwa kafin tuwo ya sauka barci ya kwashe shi, ya kwana da yunwa. Haka tamowa take shiga gida sannu-sannu, ba ta sallama.

Saboda haka nake cewa a yanka wa yaro lokacinsa. Bayan asuba, koko ko ɗumame. Da azahar, fura ko abin da aka samu. Da la'asar, ɗan kunu da garin ƙuli-ƙuli, ko wake, ko zogala. Da magariba, kafin barci ya zo, a ba shi nasa, kada ya jira manya. Kuma a zuba mai cikin tasa tasa shi kaɗai. In ya sa hannu cikin kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma 2 sun suɗe. Kafin kowane ci a wanke mai hannu da sabuni. Bayan ƴan makonni za ki ga shi da kansa yana miƙo hannu.

Na san abin da mata za su ce, don suna faɗa mani cikin aji. "Malam, da damana fa? Ga gona, ga rijiya, ga daka." Gaskiyarku. Shi ya sa wannan magana ba ta mata kaɗai ba ce. Kai maigida, in hatsin gobe bai fito daga rumbu ba sai rana ta yi sama, yaushe za a surfa, a daka, a dama? Ka fidda shi tun yau da marece. Ke kuma, ki rage tuwon dare, ki rufe shi, da safe ki ɗumama shi har ya tafasa. In za ki bar yaro hannun yayarsa, kada ki ce mata "in ya yi kuka ki ba shi". Ki ce "in an kira azahar ki ba shi".

Sai dare. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13, har da na rana. Yanzu kuwa sai ka ga ɗan mitsitsi gaban tele ko riƙe da salular babansa har manya su watse. Ga shi kuma sauron da ke kawo zazzaɓi da dare yake cizo. In an sallame isha'i, yaro ya shiga sange, a cusa bakin sangen ƙarƙashin tabarma. In ya ƙi, kaka ta shiga ta yi mai tatsuniya a ciki.

Tun 2013, a nan Nijar, ma'aikatan lafiya suna raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, kowane wata cikin damana. Maganin na kwana 3 ne. Na ranar farko gabansu ake sha. Na sauran kwana 2 yana hannun iyaye, kuma shi ne ake yawan mancewa. In da hantsi aka ba shi na farko, gobe da jibi a ba shi da hantsi. In da la'asar ne, ka tuna wa uwar yaro kafin ka fita masallaci.