Daga Kigali zuwa Dankori: mai rabon faɗa da ya zo bayan hari

Duk wanda ya zauna a gidan bidiyo, a Tasawa ko a Mayahi, ya kalli fim ɗin Hotel Rwanda, da tambaya guda zai fito: mene ne amfanin sojan da aka ba bindiga aka kuma hana shi harbi, alhali ana yanka bayin Allah a gabansa? Fim ɗin, wanda Terry George ya shirya a 2004, labarin Paul Rusesabagina ne, manajan otal ɗin Mille Collines na Kigali, inda mutum fiye da 1,200 suka fake lokacin kisan ƙare dangi na 1994. Wasu da suka tsira sun musanta jarumtar da aka laƙaba wa manajan, amma abin da aka nuna game da sojojin kiyaye zaman lafiya, tarihi ya gaskata shi.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da sojoji kimanin 2,500 a Ruwanda ƙarƙashin Janar Roméo Dallaire. Tun ranar 11 ga Janairu 1994 ya sanar da shugabanninsa cewa ana ɓoye makamai, ana shirin kisa, suka hana shi kai samame. Ranar 6 ga Afrilu aka harbo jirgin shugaba Habyarimana, kashegari aka kashe sojojin Beljiyam goma. Ƙasashen Turai suka aiko da jirage, suka kwashe ƴaƴansu, suka bar masu ƙasa. Ranar 21 ga wata, Kwamitin Sulhu ya rage rundunar zuwa mutum 270. Cikin kwana 100 aka hallaka kimanin mutum 800,000, akasarinsu Tutsi.

Wannan gaba kuwa masu mulki ne suka hura ta. Katin shaida yana ɗauke da ƙabilar mutum tun zamanin mulkin Beljiyam. Gidan rediyon RTLM ya yi watanni yana kiran Tutsi kyankyasai, har maƙwabci ya ɗauki adda ya shiga gidan maƙwabcinsa ba tare da zuciyarsa ta yi ɗar ba.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata abin ya zame mana baƙo ba, domin ƙasarmu ta taɓa ganin irin wannan mai rabon faɗa. A 1899, ayarin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa, ya yi ta'asa a Birnin Ƙonni, ya doso ƙasar Tasawa. Da labari ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su. Ya biyo sawunsu ta cikin toka da gawawwaki da ƴan sojoji kaɗan. Ranar 14 ga Yuli suka haɗu da Voulet kusa da Dankori. Klobb ya hana mutanensa harbi, Voulet ya sa aka bindige shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka, sojojin ayarin suka yi tawaye suka kashe Chanoine da Voulet, ga kaburburansu nan a Maijirgi. To, me ya sauya? Kafin watan ya ƙare sauran hafsoshin sun ci Damagaram. Sunan Faransa aka turo Klobb ya wanke, ba ran talakan Tasawa ba.

Kada kuma mu ɗora komai a kan Bature. A watan Oktoba na 1991, ana tsakiyar Babban Taron Ƙasa a Yamai, ana ta jawabai kan dimokuraɗiyya da ƴancin ɗan Adam, rikicin manoma da makiyaya ya ci ran Fulani fiye da 100 a Toda, cikin jihar Maraɗi, mafi yawansu mata da yara. Babu baƙon da ya riƙe ashana a ranar. Hukuma ta iso, amma ihu bayan hari.

Ra'ayinmu shi ne, zaman lafiyar da ake jira daga nesa ba ya isowa sai an gama haƙa kaburbura. Tsaron gaskiya yana farawa tun kafin a zare wuƙa. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, to a ba su ƙarfi da kuɗin aiki, su shata burtali da makiyaya da mashaya tun kafin damina, kada a jira kaka lokacin da shanu ke gangarowa daga arewa hatsi yana gona. Hakimi ko alƙalin da ya karɓi toshiyar baki ya murɗe shari'ar gona, a hukunta shi a bainar jama'a. Mai magana a rediyo ko a dandalin siyasa da ya kira wata ƙabila da sunan dabba, a tsayar da shi tun a kalmar farko, ko ɗan wane ne, ko farar hula ke bisa kujera ko soja.

Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun Ruwanda ya ƙone a 1994, namu ma ya taɓa babbakewa a Toda. Allah Ya ba shugabanninmu kunnen ji tun da sauran lokaci.