Raddi Ga Mai Son A Tace 'Yan Ƙwallon Bagudo Da Takardar Asali

Wata takarda tana yawo a hannun masu shirya gasar ƙwallo a yankinmu na Bagudo, wadda wani malami mai faɗa a ji a harkar wasanni ya rubuta. Ba zan kama sunansa ba, domin dattijo ne da nake ganin girmansa, kuma da maganarsa nake ja. Ga abin da yake nema a taƙaice. Wai domin a karrama 'yan asalin ƙasa da al'adunsu, kada a sake barin yaro ya taka leda a gasar kofin ƙaramar hukuma sai ya nuna takardar shaidar zama ɗan asalin Bagudo. A hana duk wanda ya tsallako daga Jamhuriyar Benin. Ranar wasan ƙarshe kuma 'yan wasa su shigo da babbar riga da hula ana buga musu kalangu. Ya kafa hujja da Ostireliya da kuma ƙungiyar Athletic Bilbao ta Sifaniya. Zan ƙoƙarta in yi masa adalci, ko da yake ni abin da na gani shingen kwastan ne aka ciro daga hanyar Tsamiya aka dasa a bakin fili, aka raɗa masa suna karramawa.

Mu fara da ginshiƙin da ya ɗora komai a kai. Malam, Allah ya ba ka haƙuri, wane ne ɗan asalin Bagudo? Ka ambaci kalmar sau da dama kamar wani abu ne da kowa ya sani, alhali ko mai sayar da kifi a Lolo zai gaya maka zancen ya fi haka zurfi. A wannan ƙaramar hukuma guda akwai Kyangawa, akwai Busawa da masu harshen Boko, akwai Dandawa, akwai Zabarmawa, ga Fulanin Ka'oje da rugagen da ke kewaye da ita, ga Hausawa da fatauci da noma da malanta suka kawo. Wasu sun riga wasu zuwa da ɗaruruwan shekaru. Takardar sakatariya ba ta san wannan bambanci ba, kuma ba a yi ta don ta sani ba.

Dubi Illo kawai. Tarihin baka na ƙasar Borgu yana jera ta da Bussa da Nikki, manyan garuruwa uku da ake dangantawa da zuriyar Kisra. Yau ina suke? Tsohuwar Bussa ruwan madatsar Kainji ya shafe ta a 1968, aka koma sabuwar Bussa da ke Jihar Neja. Nikki tana cikin Benin. Illo tana Kebbi, a masarautar Gwandu, inda Turawa suka haɗa ta a farkon mulkinsu. Wa ya raba su? A 1894 Lugard ya yi tsere da Faransawa zuwa Nikki don ya riga su ƙulla yarjejeniya da sarki. Da rigimar ta yi tsanani, Ingila da Faransa suka zauna a birnin Paris suka sa hannu ranar 14 ga Yuni 1898, suka tsaga Borgu gida biyu. Babu Bakyange ko Babuse ko ɗaya a wannan zama. To layin da waɗannan Turawa suka ja, shi ne Malam yake so ya mayar ma'aunin asali. Mai harshen Boko da ke Segbana a Benin ya zama baƙo, ɗan'uwansa na jini da ke wannan ɓangaren ya zama ɗan gida, duk da cewa harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, kuma suna aurayya har gobe. Ikon Allah! Mutum ya tashi zai kare gadon kakanni, sai ya ɓuge da kare taswirar mulkin mallaka.

Sannan ita takardar, yaya ake samunta? Kowa ya sani. Mai unguwa ya shaida, dagaci ko hakimi ya sa hannu, a kai sakatariya a buga hatimi, kuma asalin uba ake bi. Ga sakamakon. Yaron da aka haifa a Lolo, ya yi firamare a Lolo, ya koyi ƙwallo a rairayin bakin kogin Kwara, uwarsa 'yar garin ce amma ubansa mutumin Madekali ne da ke hayin iyaka, wannan yaro sai ya sha wuya kafin ya samu, in ma ya samu. Ɗan babban ma'aikaci kuwa da aka haifa a Abuja, wanda bai taɓa kwana a Zagga ba kuma ba ya iya gaisuwa da harshen kakarsa, da waya guda za a kai masa tasa har gida. A tsarin Malam, na biyun ne zai sa riga mai lamba tara, na farkon ya koma bayan igiya yana kallo. Wannan ce karramawar?

Kuma ba ni kaɗai ke ƙin wannan ba, doka ma ta ƙi. Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda aka haifa a Najeriya a matsayin ɗan ƙasa matuƙar ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, uwa ko uba. Sashe na 42 ya hana hukuma tauye ɗan Najeriya saboda ƙabilarsa ko garin da ya fito. Gasar da ake shiryawa da kuɗin ƙaramar hukuma aikin hukuma ce. Game da na hayin iyaka kuwa, tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince da 'yancin zirga-zirgar jama'arsu. Mun ga yadda rufe iyaka yake daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, har aka hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mutanen Lolo da Tsamiya ba su manta da abin da suka sha ba. Ban zaci za a samu ɗan yankin da zai nemi a ƙaro musu irinsa a filin wasa ba.

Ko a ƙwallon kanta, da an bi wannan ra'ayi da an yi asara. Ahmed Musa a Jos aka haife shi. Da Kano Pillars ta tsaya neman takardar asalin Kano, da ba ta samu ƙwallaye 18 da ya zura a kakar 2009/2010 ba. Ai kuwa Kanawa ba su taɓa kallonsa a matsayin bare ba. Razak Omotoyossi a Legas aka haife shi, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ci wa Benin ƙwallo a tarihinta. Su can da suka ga ƙafa mai kyau, riga suka miƙa mata.

Yanzu ga Ostireliya. A nan ne na tabbata Malam hoton riguna masu zane kawai ya gani, bai bi labarin ba. Da farko wasan da ya fi shahara da bikin karrama 'yan asali a can ba irin tamu tamaula ba ce, ƙwallo ce mai siffar ƙwai da ake kamawa da hannu. Wannan ƙaramin kuskure ne, na yafe. Babban shi ne cewa a makon da suke karrama 'yan asalin ƙasar, wanda tun 2016 ake kira da sunan Sir Doug Nicholls, ba a fitar da kowa daga fili. Bature da Ba'aborijine duk riga ɗaya suke sawa, wadda mai zane ɗan asalin ƙasar ya tsara. Kuma bikin bai faɗo daga sama ba. Aborijinawa ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, an ƙwace musu ƙasa, an raba su da 'ya'yansu, harsunansu da yawa sun mutu. A 1993 ɗan wasa Ba'aborijine Nicky Winmar ya ɗaga rigarsa ya nuna fatarsa ga magoya bayan ƙungiyar Collingwood da suka wuni suna zaginsa. Adam Goodes, shi ma Ba'aborijine, wanda aka zaɓa gwarzon ƙasar a 2014, ihun 'yan kallo ya bi shi har ya ajiye wasa a 2015, hukumar gasar ba ta nemi gafararsa ba sai 2019. Wato ana ɗaga wanda aka danne ne.

To in za mu kwaikwaya da gaske, wa aka danne a nan? Tambayar ba ta da daɗi ga mai rubutu da Hausa, amma dole a yi ta. Kyanganci harshe ne na dangin Mande, ɗan'uwan Busanci da Boko da Shanganci. Kyangawa na cikin tsofaffin mazauna wannan kwari, sunan Kyangakwai da ke Dandi ma shaida ne. Yau mafi yawansu Hausa suke yi, wasu Dandanci ko Zabarmanci, harshen ya rage a wasu 'yan ƙauyuka kaɗan da ke kewayen Illo. Ba Turanci ne ya haɗiye shi ba, kuma ba Faransancin Benin ba. Harshenmu ne. Saboda haka idan aka tara yaran Kyangawa da na Boko aka sa musu babbar riga aka buga kalangu da sunan raya al'adarsu, an ƙara binne ta ne da kiɗa. Malam ya ɗauko darasin Ostireliya ya kifa shi.

Abin da ya dace ba ya cin kuɗi sosai. A gasar mata ta duniya ta 2023, FIFA ta yarda a rubuta sunayen biranen Ostireliya da New Zealand da harsunan 'yan asali tare da na Turanci, ta kuma bari a kafa tutocinsu a filaye. Mu me zai hana mai riƙe da lasifika ya gabatar da 'yan wasa da Kyanganci ko Boko ko Dandanci ko Fulatanci, gwargwadon garin da ake wasan? Me zai hana dattawan gari su zaɓi launi da zanen rigar ƙungiyarsu da kansu, a bai wa telan garin ɗinkin? A buɗe wasan ƙarshe da kokawa, a gayyaci Segbana da Madekali wasan sada zumunta, bana a nan baɗi a can. A kuma zagaya da wasan ƙarshen, kada kullum ya tsaya a hedikwata. Marigayi Bala Bawa Ka'oje ɗan wannan ƙasa ne, ya riƙe ma'aikatar wasanni ta tarayya a ƙarshen mulkin Obasanjo. Yankin da ya fitar da ministan wasanni bai kamata yaransa su riƙa neman aron raga ba, amma takardar Malam ba ta ce uffan a kan fili ko takalmi ko kuɗin jinyar wanda ya karye ba.

Bilbao kuwa, da bai ambace ta ba da ya fi masa. Ƙa'idarsu ta karɓi wanda aka haifa ko aka raina a ƙasar Bask, ita kuma ƙasar Bask mafi yawanta yana Sifaniya wani yankinta yana Faransa, kamar dai Borgu. Shi ya sa suka ɗauki Bixente Lizarazu, ɗan Faransa, a 1996. Iñaki Williams iyayensa 'yan Gana ne, Gana yake buga wa wasa, kuma gwarzo ne a Bilbao. Hujjar taka ce, Malam, amma ni take yi wa aiki.

Batun 'yan haya, na yarda akwai shi. Ƙungiya takan ɗauko ƙwararru daga nesa ranar wasan kusa da na ƙarshe, ta zaunar da yaran da suka kawo ta nan. Maganinsa a rufe rajista kafin a fara gasa, da hoto, da shaidar cewa a garin yaron yake zaune. Ɗan hayar da ya zo daga Birnin Kebbi ko Sakkwato ɗan haya ne kamar wanda ya zo daga Malanbil, sai dai Malam na Benin kaɗai idonsa ya gani.

Da'awarsa cewa haka za a samu tsaro a fili, wannan aikin 'yan sanda ne da 'yan banga, ba na mai duba takarda ba. Zancen cewa masu ɗaukar nauyi za su fi sakin kuɗi, bai kawo sunan ko ɗaya da ya faɗi haka ba. Sauran shafi biyun na ƙarshe yabon masu mulki ne, na bar masa su.