Tsohuwar Kwamfuta Ba Shara Ba Ce

Ra'ayina shi ne, duk gidan da ke da tsohuwar kwamfuta a jibge tana shan ƙura, ya kamata a haɗa ta da talabijin ta zama akwatin kallon iyali. Amma da sharaɗi guda: kada a yi sayen kifi a ruwa wajen zaɓen na'urar kamo tasha, wadda masu sana'ar ke kira tiyuna. Mu a gidanmu sai da muka yi asara muka gane haka.

Ga yadda aka yi. Baba yana da wata kwamfuta da ya daina aiki da ita. Yayana ya wanke ta, ya sa mata Kodi, wata manhaja ce ta kyauta wadda da ake kira XBMC kafin a sake mata suna a 2014. Ya ja waya zuwa talabijin, sai ga finafinanmu da hotunan biki da karatun Alƙur'ani duk a wuri ɗaya, ana zaɓa da rimot. Saura kamo tashoshin tauraron ɗan'adam. Baba ya ba da kuɗi, Yaya ya je wani kanti ya ɗauko tiyuna mai araha. Muka wuni muna juya kwanon da ke kan rufi, ko ɗigon hoto babu. Ashe an rubuta DVB-T2 a jikin kwalin, wato ta kamo tashoshin eriya ce, ba ta tauraro ba. Mai kanti ya ce kayan da aka buɗe ba ya komawa. Da Baba ya ji, abin da ya ce kawai shi ne, "Matambayi ba ya ɓata."

To, mene ne amfanin wannan wahala? Na farko, kwamfuta tana naɗar shiri ta ajiye. Ranar da muke darasin yamma, sai a sa ta naɗi labarai ko ƙwallo, mu kalla ranar Asabar. Ka ga talabijin ta daina raba mu da littafi. Na biyu, tana tara darussan lissafi da kimiyya da aka sauko da su sau ɗaya, ƙannena su yi ta maimaitawa ba tare da an sake sayen data ba. Na uku, iyaye suna iya share tashoshin da ba su yarda da su ba, su sa lambar sirri a kan sauran.

Yanzu sai zaɓen tiyuna. Abu huɗu nake so mai saye ya duba. Da farko ya tabbata an rubuta DVB-S2. Wannan tsari ya fito a 2005, kuma yawancin tashoshi masu hoto garau da shi suke watsawa. Wadda aka rubuta wa DVB-S kawai, ba za ta gan su ba. Na biyu, ya san inda za ta shiga. Akwai wadda ake sakawa cikin kwamfutar tebur a ramin PCIe, akwai kuma ta USB wadda ta dace da laftof ko ƙaramar Raspberry Pi. Ta USB tana yawan zuwa da wayar wutarta daban, domin ita ce ke tura wa kan kwanon, wato LNB, wuta bolt 13 ko 18. Na uku, direba. Ba na mota nake nufi ba, 'yar manhaja ce da ke sa kwamfuta ta gane na'urar. Wata tiyuna tana aiki da Windows amma ta ƙi Linux, saboda haka a bincika kafin a miƙa kuɗi. Na huɗu, baki nawa gare ta. Mai baki ɗaya rukunin tashoshi ɗaya take kamawa a lokaci guda. Idan Inna tana son kallon wa'azi yayin da ake naɗar ƙwallo daga wani rukuni, sai mai baki biyu, da LNB mai mafita biyu.

Na san wasu iyaye za su ce dikoda ta fi sauƙi da araha. Gaskiya ne, ba na musu. Kwamfutar tebur ta fi shan wuta, kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar naɗi, shirin yana iya lalacewa. Haka nan kada wani ya ruɗe ku cewa tiyuna tana buɗe tashoshin biya a kyauta. Ba ta yi, na kyauta kaɗai take kawowa. Ruwan sama mai ƙarfi kuma yana yanke hoto, ko kwamfuta ce ko dikoda, domin saƙon daga nisan wajen kilomita 36,000 yake zuwa. Wanda kallo kawai yake so, ya tsaya ga dikodarsa.

Amma akwai ribar da dikoda ba ta ba mu. Kafin mu gyara kuskurenmu, ban san dalilin da ya sa kwano ke fuskantar wuri ɗaya kullum ba. Yanzu na san tauraron yana zagaya duniya daidai da juyawarta, shi ya sa yake kamar a tsaye. Malamin kimiyya ya taɓa faɗa mana, amma a kan rufin gidanmu na fahimta.

Roƙona ga iyayenmu shi ne ku bar mu mu gwada. Mu kuma ɗalibai, mu karanta jikin kwali kafin mu ɓarnatar da gumin iyayenmu. Allah ya sa mu dace, amin.