Finafinan Aljanu Masu Araha Sun Fi Mu Sanin Tsoronmu

A Gesse da ke Birnin Kebbi, kamar sauran unguwanni, matasa na tura wa juna finafinan aljanu da mayu a waya, waɗanda ko sunan jarumansu ba a sani ba. Kayan aikin bai wuce farin ƙyalle da hoda a fuska da muryar da aka ja da kwamfuta ba, amma mai kallo sai ya kasa fita tsakar gida da dare. A ganina, mai kallon ne ke zuwa da tsoronsa, fim ɗin taɓa shi kawai yake yi. Wanda aka raina ana hana shi zama gindin tsamiya da magariba, ko Bakaben Argungu da ya san sai Sarkin Ruwa ya gama nasa aikin kafin masunta su faɗa kogin Matan Fada, ba ya buƙatar dodon miliyoyin daloli. Ko a Amurka, da dala 15,000 aka ɗauki fim ɗin Paranormal Activity na 2007, a cikin gida ɗaya.

Masu suka na cewa camfi ake yaɗawa. Aljanu dai Alƙur'ani ya ambace su, har da sura guda, kuma a finafinan galibi boka ne ke jin kunya a ƙarshen labarin, malami mai ruƙiyya ya yi nasara. Inda sukar ke da ƙarfi shi ne batun maita. Fim ɗin da ya nuna tsohuwa talaka tana kama kurwar yara yana ƙarfafa zargin maƙwabciya, zargin da kan kai ga duka. A nan ya kamata Hukumar Tace Finafinai ta Kano, da aka kafa a 2001, ta zuba ido, ta bar mai farin ƙyalle ya nemi abincinsa.