Ƙamus Ɗin Da Ya Riga Buɗewa

A makon nan za mu leƙa cikin manhajojin kwamfuta da ake nazarin Littafi Mai Tsarki da su, irin su Logos, wadda aka fara a Amurka cikin 1992, da e-Sword, wadda ake bayarwa kyauta tun shekarar 2000. Mutum ya latsa kalma ɗaya, kafin ƙiftawar ido sai ga ƙamus ya buɗe da ma'anarta. Sau da yawa mai wa'azi yakan kwashi wannan ma'ana ya hau mumbari da ita ranar Lahadi, bai taɓa tambayar wanda ya zaɓa masa ƙamus ɗin ba.

Abin da ke faruwa a ɓoye mataki biyu ne. Da farko na'urar takan mayar da kalmar ga tushenta, domin ƙamus ba ya jera kalma da kowace siffa da take zuwa. Ba za ka nemi "makafi" ba sai a ƙarƙashin "makaho". Haka Helenanci, harshen Sabon Alkawari, yake, har ma ya fi rikici: kalmar elthon, watau "na zo", a ƙarƙashin erchomai ake samunta. Ba wayon na'ura ba ne ke gane wannan. Masana ne suka zauna suka bi nassin kalma bayan kalma, suka liƙa wa kowace tushenta, ko kuwa lambar da James Strong ya ba ta a littafinsa na 1890, inda ya jera kalmomin Ibrananci 8,674, na Helenanci kuma lambobinsu suka kai 5,624.

Sa'an nan sai mataki na biyu, wanda shi ne gaɓar maganarmu. Idan mutum yana da ƙamus goma a ajiye, na'urar ba ta auna su ta ga wanne ya fi gaskiya. A Logos akwai jeri, kuma mai manhajar ne ke da ikon ɗaga wannan sama ya sauke wancan ƙasa. Na'urar takan fara da na ɗaya. In yana da kalmar, shi ke nan, magana ta ƙare a nan. In babu, ta gangara ga na biyu. Wanda bai shirya jerin da kansa ba, to, ya karɓi zaɓin kamfani ke nan bai sani ba.

Wani zai ce ai ƙamus ƙamus ne. Ko kusa. Ƙamus ɗin Helenanci na Thayer ya fito ne a 1886, alhali kuwa sai daga 1896 aka shiga tonon juji a garin Oksirinkus na ƙasar Masar, inda aka sami dubban tsofaffin takardu: wasiƙu, rasit na haraji, yarjejeniyar aure da ta ciniki. Waɗannan takardu suka nuna cewa kalmomi da yawa da a dā ake zaton sai a Littafi Mai Tsarki kaɗai ake samunsu, ashe maganar kasuwa ce ta yau da kullum. Ƙamus ɗin da ake kira BDAG, bugun shekarar 2000, ya ci moriyar wannan duka, Thayer kuwa bai gan shi ba. Haka nan ƙamus ɗin Ibrananci na Brown da Driver da Briggs, na 1906, ya riga gano rubuce-rubucen Ugarit na 1929 da naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri na 1947. To me ya sa tsofaffin suka cika manhajojin kyauta? Domin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kowa na iya kwafa, sababbin kuwa sai da kuɗi masu nauyi. Ba na cewa a watsar da Thayer, aikin ƙwarai ne a zamaninsa. Amma wanda ke da sabon ƙamus ya bar shi a ƙasan jeri, ya yi asarar kuɗinsa a banza.

Akwai wani rami da ya fi wannan zurfi. A fassarar Turanci ta Sarki James, ta 1611, kalmar charity ce aka yi ta maimaitawa a sura ta 13 ta wasiƙar farko zuwa ga Korantiyawa. In ƙamus ɗin Turancin zamani ne ya amsa latsawar, zai iya kai mai karatu ga sadaka da taimakon matalauta, alhali kalmar da ke ƙarƙashi ita ce agape, watau ƙauna, mai lamba 26 a lissafin Strong. Ko lambar ma sai an lura, domin a wani lissafin da Goodrick da Kohlenberger suka fitar a 1990, lambarta 27 ce.

Mai karatu da Hausa shi ya fi kowa bukatar kula. Tun 1932 aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma latsa kalmar "alheri" ba zai kai ka ga asalinta na Helenanci ba, sai fa in an riga an ɗaure wannan fassarar da nassin asali kalma da kalma. Idan ba a yi haka ba, dabarar ita ce a buɗe Hausar a gefe guda, a buɗe fassarar da ke ɗauke da lambobin Strong a ɗaya gefen, a riƙa bin aya da aya. Shirya jerin kuwa aikin minti biyar ne: ƙamus mafi sabunta da zurfi a sama, na taƙaice a bayansa, sa'an nan babban ƙamus na Liddell da Scott a ƙasa, domin shi zai tare kalmomin tsohon Helenanci da sauran suka tsallake.